Inusa Mai Allura da Idon Kwikwiyon Hure

Duk mai fitowa da sassafe a Dogon Dutsi ya san hayaƙin da ke tashi bayan ɗan biron kiwo, wato ofishin ma'aikatan dabbobi, gefen kasuwar dabbobi. Malam Inusa ne ke dafa kayan aikinsa. Da ya dawo daga masallaci yakan hura wuta da kansa, ya ɗora wata ƙaramar tukunyar ƙarfe da ba a taɓa dafa abinci a cikinta ba, ya zuba allurai da almakashi da matsefata, ya zauna gefe yana shan kunu har su tafasa. Daga nan ya nannaɗe su cikin farin ƙyalle, ya ɗaura jakunkunan fata a kan goɗiyarsa, ya kama hanyar yashi. Wata rana Dumega, wata rana rijiyoyin da ke bayan Sukukutane. Rumfar ɗinkina tana kallon biron, don haka shekaru da dama ni ne mutum na farko da yake gaisarwa in zai fita. A wannan watan zai ajiye aiki, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na sani a kansa.

Ba zan ce mutum ne da jama'a suka rungume ba. Ana gaishe shi, amma ana bin bayansa da ido. Baƙo ne, daga gabas aka turo shi tun zamanin Nasara, kuma aikin da ke hannunsa irin wanda ke jawo zato ne. In ya hana sayar da naman da ya ga cuta a cikinsa, mahauta su ce gidansa zai kai. In ya je ruga yin allurar bushiya, ciwon nan da ke share garke, makiyaya su ce ƙidayar shanu ya zo yi don masu karɓar jangali. Ɗan yankan da yake yi wa kunnen saniya don a san an yi mata allura, aka ce shaida ce ta gwamnati, wata rana za a zo a kwashe duk mai irin wannan kunne. Akwai kuma tsohon ciwo a zukatan mutane. Wata shekara da haukan kare ya ɓulla, wasu mutane sun zo cikin mota daga nesa suka zubar da nama mai guba a bakin garuruwa, karnukan yawo suka mutu, na kiwo ma suka mutu tare da su. Ba wanda ya ga Inusa a cikin motar nan. Amma su sun tafi, shi ne ya zauna, shi ake gani.

Da aka samu mulkin kai, tuta ta canja a ƙofar biro, zaton bai canja ba.

Abin da zan ba da labari ya faru ne da kaka, ba da jimawa ba bayan haka, a wani ƙauye kusa da Sukukutane. Na kai keken ɗinkina can saboda lokacin ne manoma ke ɗinka sutura, aka ba ni wuri ƙarƙashin bishiyar ƙofar mai gari. Inusa ya riga ni isa. Akwai ruga bayan rijiyar ƙauyen, babbanta wani ne Bello, dogo, mara yawan magana. Da labarin zuwan mai allura ya kai musu, suka kora shanu daji, suka bar maruƙa da tsofaffi. Da Inusa ya je, Bello ya gaya masa garken ya yi nisa tun makon jiya. Kashin shanu ɗanye ne a gaban su duka biyun. Inusa ya dubi kashin, ya yi godiya, ya koma masaukinsa.

Washegari da hantsi ina cikin ɗinki sai ga Bello da samarin ruga, kowa da sanda a kafaɗa. Bayansu wata dattijuwa ce, Hure, ƙanwar mahaifin Bello, rungume da baƙin kwikwiyo cikin zanenta. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe, ruwa mai kauri na fita, ya manne gashin kuncinsa. Yana kuka ƙasa-ƙasa, in wani ya kai hannu sai ya kai cizo.

Wanda bai san ruga ba zai ce kwikwiyo ne kawai. Hure mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure nesa, abin da take da shi 'yan shanu ne da tumaki da take kwana kusa da su. Karyarta ce ke tsare su daga dila da kura, kuma kura ta kashe karyar kafin kaka. Cikin 'ya'yan da ta bari wannan ɗaya ne ya rayu, da madarar akuya ta raine shi.

Bello ya ce Jibo ne ya yi wannan aiki. Jibo manomi ne da gonarsa ke bakin burtali, kuma da damina sun yi cacar baki kan ɓarna, har ya rantse a gaban mutane cewa duk abin ruga da ya sake shiga gonarsa ba zai fita lafiya ba. Aka kira Jibo, ya zo da ƙannensa, su ma ba hannu sake ba. Ya ce bai taɓa ganin karen ba. Wasu 'yan ƙauyen suka ce ai wannan cizo da yake kaiwa haukan kare ne, a kashe shi kafin ya taɓa wani. Wata tsohuwa ta ce aljana doguwa ce ta mare shi, don an kafa rugar kusa da tsamiyarta. Mai gari tsoho ne, ya fara maganar a aika wa jandarma, abin da ba wanda ke so.

Ana cikin haka Inusa ya iso. Bai shiga maganar duka ko rantsuwa ba. Ya yi sallama, ya tsuguna gaban Hure.

"Inna, ki bari in duba idon."

Ta ƙara matse kwikwiyon a jikinta. "Ku kunka kashe man kare da nama shekarun baya. Yau kuma in ɗauki wanga in ba ka?"

"Ba ni cewa ki ba ni shi," in ji Inusa. "Ki riƙe abinki da hannunki. Duk abin da za ni yi, a gabanki za ni yi shi, in kin ce in bari, in bari."

Ta dube shi, sannan ta zauna a kan tabarma.

Ya fara da masu cewa hauka ne, don ya san su ne ke da gaggawa. Ya sa Hure ta shafa jikin kwikwiyon ko'ina, ba a ga tabon cizo ba. Aka ajiye masa nono a sakaina ya lashe, ta kira shi ya kaɗa wutsiya. Inusa ya ce shi dai bai ga alamar hauka ba, zafi ne ke sa shi cizo, amma ba zai rantse ba. A ɗaure shi kwanaki a gani, shi kuma zai zauna a ƙauyen har a tabbata. Na ji wani a bayana yana cewa, ka ji, ya samu dalilin zama.

Ya nemi a tafasa ruwa. Shatu matar Jibo ta ce tana da ruwa a wuta, Bello ya ce ba abin da zai fito daga wannan gida ya taɓa karensu. Sai da aka hura wuta nan a fili, aka ɗebo ruwa daga randar mai gari, gishirin ma daga ƙullin Hure aka ɗiba. Da ruwan ya huce, Inusa ya wanke hannu da sabulu har gwiwa. Ya karɓi siririn ƙyalle a wurina ya ɗaure bakin kwikwiyon, ya nuna wa Hure yadda za ta naɗe ƙafafunsa cikin zane ta tallafe kansa. Da ya fiddo sirinji mutane suka ja da baya, samarin ruga suka matso. Ya ɗaga shi sama kowa ya ga babu allura a bakinsa, ya zuƙi ruwan gishirin ya fesa a nasa harshen, sannan ya shiga wanke idon a hankali, yana goge abin da ke fita da auduga, kowace sau ɗaya ya jefar.

Hure ta gaya masa ta wanke idon da madara tun jiya bai yi sauƙi ba. Ya ce madarar ba ta ɓata komai ba, amma yana jin akwai abin da ke ciki wanda wanki ba ya fiddawa. Ya juya su suka fuskanci rana, ya buɗe fatar idon da yatsa biyu. A kusurwar idon kare akwai wata 'yar fata da ke rufowa daga gefen hanci. Ya ɗaga ta da bakin matsefata. Kwikwiyon ya sandare, Hure tana yi masa magana da Fillanci a kunne. Inusa ya jawo wani abu siriri, ya ɗora a kan farin ƙyalle, ya miƙa wa mai gari.

Ƙaiƙayin gero ne, mai tsini, ya jiƙe ya yi ja. Shi ne ke kartar ƙwayar idon duk lokacin da kwikwiyon ya ƙifta. Inusa ya sa Bello ya taɓa ƙashin girar da kansa, babu kumburin duka, babu fashewa.

Na zaci magana ta ƙare. Ashe sabuwa ce ta tashi. Jibo ya karɓi ƙyallen ya duba, ya ce a duk wannan gefen gari ba inda ake sussuka yanzu sai masussukar gidansa.

"To mi yak kai karen ruga cikin hatsina? Inda kare yat tahi, tumaki sun tahi. Ashe ɓarna kuka yi man, kuna zuwa nan da sanduna."

Sanduna suka sauko daga kafaɗu. Kowane ɓangare ya juya kan Inusa, wai ya faɗi gaskiya. Ya ce shi ya san abin da ya fiddo, bai san inda ya shiga ba, iska ma na ɗaukar ƙaiƙayi. Wannan amsa ba ta gamsar da kowa ba. Bello ya ce wa ya sani ko a hannunsa ya ɓoye ƙaiƙayin don ya wanke manomi. Jibo ya ce ai dama shanun Fulani yake nema, dole ya rufa musu asiri. Inusa yana tsugune tsakaninsu da auduga a hannu, bai tashi ba, bai kuma ƙara ko kalma a kan abin da ya gani ba.

Hure ce ta yi magana, ba tare da ta ɗaga kai ba. Ta ce ita ta kai shi. Shekaranjiya ta je masussuka wurin Shatu da ƙwaryar nono, suka yi musaya da gero kamar yadda suka saba tun kafin rigimar damina. Kwikwiyon ya bi ta, ya yi ta birgima cikin ƙaiƙayi. Ta yi shiru ne saboda Bello ya hana kowa na ruga taka gidan Jibo, ita kuwa ba ta da mai nemo mata hatsi. Shatu ta amsa daga bayan zanar da mata ke tsaye cewa haka ne. Jibo ya juya yana kallon zanar. Shi ma bai san nonon da ake dama masa fura da shi daga rugar Bello yake fitowa ba.

Ba wanda ya ba wani haƙuri. Samari dai suka mayar da sandunansu kafaɗa, wasu suka sulale.

Saura magani. Inusa ya fiddo wani ɗan bututun man ido mai rubutun Faransanci, ya ce ƙwayar idon ta karce, in ba a sa wannan safe da yamma ba za ta iya ruɓewa. Bello, wanda kunya ta riga ta kama, ya tsaya a kan wannan. Ya ce wanki ya gani, cirewa ya gani, amma abin da ke cikin bututu ba wanda ya san ko mene ne. Inusa ya buɗe murfin, ya ja fatar nasa idon na dama, ya matsa maganin a ciki. Ya zauna yana ƙifce-ƙifce, hawaye na zuba a gemunsa. Bello ya zauna daura da shi yana jira. Sai da aka yi azahar, ya ga mutum na gani sarai, sannan ya ce wa Hure, "Goggo, karenki ne."

Don kada kwikwiyon ya sosa idon da ƙafa, Inusa ya nemi tsohon faifai, ya huda tsakiyarsa, na ɗinke bakin hudar da ƙyalle, aka zura a wuyansa. Kafin la'asar labari ya zagaya cewa ma'aikacin gwamnati ya rataya wa baƙin kare faifai, wannan ba magani ba ne, wani aiki yake haɗawa. A masallaci wasu suka ƙi haɗa kafaɗa da shi, wai ya wuni yana shafar yawun kare. Liman ya tambaye shi ko ya wanke, ya ce ya wanke ya canja riga. Liman ya jawo shi sahun gaba, bayansa.

Ya zauna kamar yadda ya ce. Safe da yamma yana takawa ruga da ƙafa, ya wanke idon, ya sa magani, ya koya wa Hure yi da hannunta. Shanun da aka ɓoye kuwa ƙishirwa ta dawo da su rijiya, ba yadda aka iya. Kullum in ya zo sai ya zauna ya juya wa garken baya, fuskarsa na kallon bukkar Hure. Bello ya sa ƙaninsa Mahaman ya riƙa lura da shi. Mahaman ya kawo rahoto cewa bai waiwaya ba ko sau ɗaya, amma yana jan carbi, leɓɓansa na motsi. Bello ya ce to da kunne yake ƙirgawa, yana ajiye lissafi a carbi. Da maganar ta kai ga Inusa bai yi fushi ba. Ya bar carbin a masauki, ya riƙa zuwa hannu sake.

Kumburin ya sauka, jan ya ragu, wata safiya kwikwiyon ya buɗe ido biyu. Ɗan farin tabo ya zauna a gefen ƙwayar, amma yana gani. Hauka kuma bai bayyana ba, masu cewa a kashe shi suka daina maganar kamar ba su taɓa yi ba.

Ranar da Inusa zai tafi, yana ɗaura jakunkuna, sai ga Hure ta koro 'yan shanunta har gabansa, Bello na tsaye yana kallo.

"Waɗanga nawa ne, gadon ubana," in ji ta. "Yi musu. In an zo an kwashe su, ni aka kwashe ma."

Su kaɗai ya yi wa allura a wannan zuwan. Da ya koma Dogon Dutsi na ji an yi masa faɗa a kan kwanakin da ya ɓata, aka ce an tura shi wurin shanu ya zauna jinyar kare. Bai gaya mini ba, a bakin masinja na ji.

Bello ya shekara yana sa ido a kan shanun goggonsa. Ba a kwashe su ba, ba su daina haihuwa ba. Da shekara ta zagayo ya kawo wani sashe na garkensa, ya ɓoye saura a daji. Inusa ya gama da waɗanda aka kawo, sannan ya ce goɗiyarsa ta gaji, zai ƙara kwana, in akwai maƙwabta masu shanu su kawo. Washegari aka koro shanun maƙwabta, kowace da shaidar gidan Bello a cinyarta. Ya yi musu allura, bai tambayi sunan maƙwabtan ba. Bayan haka bushiya ta ratsa ta wajen iyaka ta yi ɓarna a wasu rugage, ta wuce wannan. Kwikwiyon nan yanzu babban kare ne, in ka doshi tumakin Hure za ka ji muryarsa kafin ka gan shi.

Malam Inusa, kai ne wanda aka tuhuma ta ko'ina ka ci gaba da zuwa. Ba ka taɓa tsayawa kana rantsuwa don a yarda da kai ba. Ka gane cewa mutanen nan ba haka kawai suke tsoro ba, an taɓa su a baya, sai ka riƙa yin aikinka a fili inda kowa ke gani. Kai ne ka ƙi faɗin abin da ba ka sani ba ranar da ɓangare biyu ke jan ka, ga sanduna a kanka. Ka tsuguna a ƙasa don ɗan kare wanda ba ya cikin aikin da aka aike ka, saboda ka san abin da yake a wurin mai shi. Mai sanyin hannu, Allah ya saka maka.

Kada mai karatu ya zaci zato ya ƙare. Da aka ji zai ajiye aiki, a kasuwar nan na ji ana cewa ai ya tara, ya gina gida a garinsu. Ni ke yi wa wandunansa faci, na san abin da ya tara. Gwiwarsa ce ta gaza, tun da wani bijimi ya harbe shi bara bai ƙara iya hawa ba sai an taimaka masa. Ranar kasuwar da ta wuce Bello ya shigo gari, ya zauna tare da shi a benci har rana ta yi sanyi, maganarsu ba ta da yawa. Da zai tashi ya tambaya ko wa za a turo a madadinsa. Inusa ya ce wani saurayi ne da ya gama lakkwal, makarantar boko, mai hankali. Bello ya ce za su gani.

Ga wannan saurayi, da duk 'ya'yanmu da ke karɓar aikin ƙasa yanzu, ina cewa za ku tarar da mutane masu dogon tunani da tambaya mai yawa. Kada ku raina su, kada ku yi musu tsawa da takarda. Ku sauko ku zauna inda suke zaune, ku nuna musu abin da ke hannunku, ku koma ko da an kore ku, kamar yadda wannan dattijo ya yi. Mu kuma da muka sha nonon shanun da ya tsare, muka ci naman da ya duba, akwai abin da ya rage mana. Ba zai koma gabas ba, ya ce nan zai zauna. Gidansa na gindin dutse, kowa a unguwar zai nuna muku. Ku je ku gaishe shi, ku ce masa an gode, yanzu da yake iya ji da kunnensa.